Albarka Biyu a Hannun Doña Chea

Yayata Nurys ta girme ni da shekara biyar, amma ni na koya mata ɗaure igiyar takalmi. Ban faɗi haka don a tausaya mana ba. A garin Moca an tausaya mana har ya ishe mu, kuma ban taɓa ganin tausayi ya sa wani ya matsa mata a bencin coci ba. Kanta ba ya kama abu da sauri, shi ke nan. Abin da wani zai ji sau ɗaya ya riƙe, ita sai ta ji ta sake ji, ta yi da hannunta ta ɓata, ta sake. Amma in abu ya zauna mata, to ya zauna ke nan.

Kakarmu Mamá Tila ce ta rene mu. Lokacin da tsufa ya kwantar da ita ina jami'a a Santiago ina karatun lauya. Nurys ce ke mata wanka, ta juya ta, ta ba ta abinci a baki. Ranar jana'iza maƙwabta suka yi ta rungume ni suna cewa, "Yanzu kuma yaya za ki yi da wannan baiwar Allah?" Ba wanda ya tambayi wa ya riƙe tsohuwar duk tsawon jinyar.

Na dawo gida na kama aiki a ofishin wani lauya. Nurys kuwa ta koma zaman baranda, tana kallon 'yan acaɓa suna wucewa, hannayenta a kan cinya kamar kayan aro. A lokacin ne na ji wata ƙungiya ta buɗe horo ga masu irin lalurarta. Za a koya musu kula da tsofaffi a aji, daga nan a tura su aikin gwaji a wani gidan tsofaffi da ke bayan gari. Wanda ya kammala a ba shi takardar shaida, da ita kuma ana iya ɗaukarsa aiki a ko'ina. Takardar nan nake so wa yayata. Ina son ranar da wani zai tambaye ni me Nurys ke yi, in ba shi amsa a taƙaice in wuce.

Da farko sun ce shekarunta sun yi yawa. Na sa takalmina mai tsini na je na zauna musu a ofis har suka gano cewa shekarun ba su yi yawa ba.

Malaminsu Profe Eladio mutum ne mai haƙuri da siririyar murya. Da 'yar tsana mai girman mutum yake koya musu aiki. In Nurys ta dawo gida, ni ce 'yar tsanar.

"Kwanta, Yoka. Ke tsohuwa ce."

"Manita," na ce, haka nake kiranta, wato 'yar'uwa, "yanzu fa na dawo daga aiki."

"Tsofaffi ba sa zuwa aiki. Kwanta."

Sai ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta shigo ta ce, "Ina kwana, sunana Nurys, zan juya ki." Ta juya ni ta gefen da ba shi ba, ta tsaya, ta ciji leɓe, ta fita ta sake ƙwanƙwasawa. Akwai yammacin da ta yi ta juya ni har jiri ya kama ni. Karanta lambar abin auna zafin jiki shi ya fi ba ta wuya. Ta faɗi gwajin da aka yi musu a kai, ta sake faɗuwa, ta dawo ta zauna a kicin tana kallon abin kamar ya zage ta. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Samarin tashar acaɓa na bakin layinmu suka samu abin yi. Da sun hango ta da jakarta sai su ɗauka: "Likita ta fito! Likita, zo ki duba ni, zuciyata na ciwo!" Ita sai ta ɗaga musu hannu tana murmushi. Wata safiya na tsaya na ce wa babbansu, "Ita dai ta san inda za ta. Kai tun ina firamare kake kan babur ɗin nan, har yau ba naka ba ne." Daga ranar suka koma yin abin ƙasa-ƙasa.

Akwai dokar da Profe Eladio ke nanata musu. "Ku ma'aikata ne, ba 'ya'yansu ba ne. In tsoho ya kira ku da sunan wani, ku faɗa masa naku a hankali. Kada ku taɓa kowa sai kun nemi izini." Nurys ta haddace ta tsaf. Amma safiyar farko da ta shiga gidan tsofaffin ta gan su jere a kujeru masu lilo, sai ta yi abin da Mamá Tila ta koya mana tun muna ƙanana, abin da kowane ɗan ƙasar nan ke yi in ya tashi ya ga babba a gida. Ta harɗe hannu a ƙirji ta bi su ɗaya bayan ɗaya. "Albarka, Don. Albarka, Doña." Haka muke kiran dattijo da dattijuwa. Wasu daga cikinsu sun manta sunan 'ya'yansu, amma ba wanda ya manta amsar. "Allah ya yi miki albarka." Profe ya ja ta gefe ya ce ba a yin haka a wurin aiki. Washegari ta yi ƙoƙari, ta wuce su baki a rufe, ta dawo gida da ciwon kai.

"Yoka, ji na yi kamar na taka su na wuce," in ji ta.

Shugabar gidan, Doña Fior, ita ta raba gardamar. Mace ce mai jiki da fara'a, yatsunta cike da zobba. Ta yi dariya ta ce, "Bar ta, Profe. Tsofaffin nan sun daɗe ba a roƙe su komai ba." Daga baya ta ce ba ta tuna ta faɗi haka ba.

A cikin tsofaffin akwai Doña Chea. Tela ce a zamaninta, ita ta ɗinka rabin rigunan amaren Moca. Yanzu tunaninta ya tafi. Ba ta karɓar abinci a hannun kowa. Sai ta datse baki, in an matsa mata ta tofa. 'Yarta ɗaya ce, Ivelisse, tana New York. Ita ke biyan gidan, kuma takan kira ta bidiyo ta ga uwar. Aka haɗa Nurys da wannan tsohuwa, ina jin don ba mai son aikin. Ba a daɗe ba tsohuwar ta fara ci. Ban san me Nurys ta yi mata ba, ita ma ba ta sani ba. Ta ce zama kawai take yi da cokali a hannu har tsohuwar ta gaji da rufe baki.

Wata Asabar na je ɗaukar Nurys, na same ta tana sallama.

"Ivelisse, har za ki tafi?" in ji tsohuwar.

"Nurys ce, Doña Chea. Ivelisse tana New York. Albarka."

Tsohuwar ta ɗora mata hannu a ka. "Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya kai ki lafiya."

Nurys ba ta ɗago ba. "Albarka kuma."

"Ke dai da haɗama. Allah ya yi miki albarka."

A kujerar gefe akwai Don Fello, tsohon direban babbar mota mai ƙafa ɗaya. Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni fa, yarinya? Tawa ruɓewa ta yi? Kullum ɗaya kike karɓa a wurina, ita biyu."

"Taka tana warin taba, Don Fello."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

A hanya na tambaye ta dalilin karɓar biyu. Ta ce, "Ta farko tawa ce. Ta biyun ta Ivelisse ce, tunda ba ta nan. Ajiye mata nake yi."

"A ina kike ajiyewa?"

Ta dafa ƙirji, ta dube ni kamar ni ce ba na fahimta da sauri.

Aikin gwajin ya kusa ƙarewa sa'ad da Ranar Uwaye ta zo. Gidan ya shirya biki, aka gayyaci 'ya'yan tsofaffin da dangin masu koyon aiki. An rataye balan-balan, an dafa shinkafa da wake da kaza, rediyo na ta kiɗa. Nurys ta yi wa Doña Chea wanka ta sa mata riga mai furanni, tana zaune a gabanta tana ba ta abinci, ni ina tsaye jikin ginshiƙi.

Sai ga Ivelisse. Kwana ɗaya ke nan da saukarta, ta daɗe ba ta zo ƙasar ba. Da ganin kanta ka san ta wuni a shagon gyaran gashi: an miƙar da shi ya kwanta har kafaɗa yana ƙyalli. Tana rungume da kek, mijinta na biye da ita da waya a ɗage yana ɗaukar bidiyo. Ta ajiye kek ɗin, ta tsaya gaban uwarta, ta harɗe hannu a ƙirji kamar ƙaramar yarinya.

"Albarka, Mami."

Doña Chea ta dube ta daga sama har ƙasa. "Wace ce wannan? Mai allura ce? An yi mini jiya."

"Mami, ni ce. Ivelisse. Albarka."

Tsohuwar ta kau da kai ta kama rigar Nurys. "Ivelisse, ki ce wa matar nan ta tafi."

"Nurys ce, Doña Chea," in ji yayata, kamar yadda aka koya mata. "Ga Ivelisse nan. Ta zo."

Amma tsohuwar ta riga ta ɗora hannu a kan Nurys. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ivelisse na tsaye, hannunta har yanzu a harɗe. Kowa na kallo. Na ga haɓarta tana rawa. Mijin bai san ya sauke wayar ko ya ci gaba ba.

Nurys ma ta gani. Ta ajiye faranti, ta miƙe, ta je gaban matar. Ta ɗaga hannun da take ba da abinci da shi, da romon wake a yatsunta, ta ɗora a tsakiyar gashin nan.

"Kada ki yi kuka, Doña Ivelisse. Na karɓa miki. Kullum ina karɓa miki, suna nan da yawa. Allah ya yi miki albarka."

Ivelisse ta doke hannun har ƙarar ta kai bakin ƙofa.

"Wa ya ba ki izinin taɓa ni? Ke wace ce da za ki sa mini albarka? Uwata ce ke?" Ta shafa kanta, ta ga romo a tafinta. "Jama'a, ku duba! Ina can cikin sanyi ina goge kashin iyayen wasu don a kula da tawa, ashe wawiya aka ajiye mata!"

Ban san lokacin da na bar jikin ginshiƙin ba. "Maimaita," na ce. "Maimaita abin da kika kira ta tunda mijinki na ɗauka, in samu abin nunawa a kotu."

"Ke kuma wace ce?"

"Ƙanwarta. Kuma ni ba na yafewa kamar ita."

"A rage rediyon nan mana mu ji da kyau," in ji Don Fello.

Doña Chea ta fara kuka tana miƙa hannu wajen Nurys. "Kada ki dakar mini 'ya," take cewa Ivelisse. "Fita daga gidana. Kada ki dakar mini 'ya." Ivelisse ta juya ta fita da gudu, ta bar kek ɗin a kan tebur. Nurys ta tsaya tana riƙe da hannun da aka doke, tana duban fuskokinmu ko wani zai gaya mata abin da ya faru.

Washegari aka kira mu ofishin Doña Fior. Ivelisse ba ta zo ba, ta riga ta faɗi nata. Ta ce yarinyar ta sa kanta a matsayin 'ya da gangan, har ma ta ce wa ya sani ko wani abu aka yi wa tsohuwar. Ko a raba ta da uwarta, ko ta ɗauke ta daga gidan ta kuma gaya wa sauran 'yan Moca da ke New York irin mutanen da ake bar wa iyayensu.

"Zauna, Lisensiyada," in ji Doña Fior. Haka ake kiran wadda ta gama jami'a, amma a bakinta ranar kamar tsokana ce.

"Na fi son tsayuwa."

"Ba korar ta za mu yi ba. Muna son Nurys, kowa na son ta. Za ta koma ɗakin wanki."

"Takardar fa?"

Ta juya zoben da ke yatsanta. "Takardar ta waɗanda suka kammala gwaji a ɗakin tsofaffi ce. Za a ba ta ta halarta."

"Ta halarta. Wato shaidar cewa ta zo ta tafi." Na juya wajen Profe Eladio, wanda ke zaune a kusurwa yana kallon takalminsa. "Profe, akwai wanda ya fi ta aiki a ajinka?"

"Ba maganar aiki ba ce, Yokasta. Ta taɓa baƙuwa ba izini. Doka ce, kuma ta san ta. Maganar neman albarka ma na hana tun farko."

"Doña Fior ta ce a bar ta."

"Ni? Ban tuna ba," in ji Doña Fior. "Kin ga, 'yata, ke lauya ce, kin iya magana. Ni kuma ina da tsofaffin da zan ciyar. In mutanen New York suka janye, da me zan sayi ko kunzugu? Da bakinki?"

"Da aka doke ma'aikaciyarki a gabanki, wace doka aka karanta wa wadda ta doke ta?"

Doña Fior ta juya wajen Nurys ta sassauta murya kamar mai magana da jariri. "Nurys, kin gane abin da kika yi ba daidai ba ne, ko?"

Nurys ta tsaya tana tunani. Ta daɗe, kamar yadda takan daɗe.

"Ba tawa ba ce," in ji ta. "Tata ce. In ban ba ta ba, ai na zama ɓarauniya."

Na kama hannunta muka fito. A bakin ƙofa na ce musu su riƙe ɗakin wankinsu, yayata ba za ta sake taka gidan nan ba.

Da safe na fito na same ta a shirye, jaka a kafaɗa.

"Ina za ki?"

"Aiki."

"Manita, babu aiki. Sun wulaƙanta ki. Ba za ki je ki wanke musu fitsari ba."

"Zanin gadon Doña Chea ma a can ake wanke shi."

Na yi mata bayani iri-iri. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Ta tsaya ta gama saurare, sannan ta ce za ta makara, ta fita.

Ɗakin wankin yana can bayan gidan, rufin kwano, ba taga sai ɗaya. Injin ya fi lalacewa a kan aiki, in kuma an ɗauke wuta sai a koma wanki da hannu. Ruwan bilic ya farfasa mata yatsu. Da yamma ina shafa mata mai tana ba ni labarin wane ya zubar da gahawa a gado, wace ta ɓoye burodi a cikin rigar filo. Ta san kowa daga zaninsa. An hana ta shiga falo, don haka ba ta shiga. Ta ce wani lokaci tana jiyo muryar Doña Chea daga nesa tana kiran Ivelisse, sai ta buɗe famfo sosai.

Ranar da aka yaye 'yan ajinsu, ita ta goge musu rigunan da suka sa. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya aka miƙa musu takardu, aka ɗauki hoto da manyan ƙungiyar. Ban yi baƙin ciki da su ba, sun sha wuya su ma, iyayensu na ta kuka. Nurys ta fi kowa tafi. Ni ina tsaye a baya, hannuna a cikin jaka. Da aka kira sunanta don takardar halarta, na riga ta isa na ce wa mai miƙawar ya ajiye abarsa.

Bayan wannan da ɗan lokaci, wata Lahadi da yamma, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Doña Fior ce, da ledar biskit a hannu. Na ba ta kujera a baranda, ban ba ta gahawa ba. Ta yi maganar zafi, ta yi maganar wuta, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Doña Chea ta daina ci. An gwada kowa, har sababbin masu takardar. Ta rame, likita na maganar sa mata roba ta hanci.

"Da Nurys za ta riƙa leƙowa lokacin abinci kawai," in ji ta. "Ta shigo ta ƙofar kicin, ta ba ta, ta koma wankinta."

"To, madalla," na ce. "Ki mayar da ita ɗakin tsofaffi, ta ƙarasa gwajinta, a ba ta takardarta. Gobe da safe tana can."

"Ba zai yiwu ba, Lisensiyada. Ivelisse tana kira. In ta gan ta, an gama."

"Wato aikin kuke so, mai aikin ce ba kwa so a gani."

"Ke kika faɗa haka."

"Ki gaya wa Ivelisse gaskiya. Ki ce uwarta za ta mutu da yunwa saboda gashinta."

"Ke yarinya ce har yanzu," in ji ta. "Matar nan ba don gashi ta yi ba, kin sani."

Na sani. Ban ga dalilin da zai sa yayata ce za ta biya ba. Na miƙe na ce mata amsarmu a'a ce, ta ɗauki biskit ɗinta.

Sai na ji motsi a bayana. Nurys ce a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta riga ta sa takalmi.

"Manita, koma ciki."

"Tana jin yunwa, Yoka."

"Saurare ni. Yanzu ne kawai suke bukatarki. In kin bi ta yau, ba za su taɓa ba ki takardar nan ba. Ki yi haƙuri kwana kaɗan, da kansu za su kawo miki ita har gida."

"Kwana kaɗan ba ta ci ba?"

"Ba ke kika jawo ba."

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, ba komai. Ta ce, "Ke kin iya jira. Ita ba ta iya ba." Ta ratsa ta gefena ta sauka, ta buɗe motar Doña Fior ta shiga baya ta zauna, jakarta a kan cinya.

Doña Fior ba ta dube ni ba. Ta bar biskit ɗin a kan kujera.

Haka abin yake har yau. Sunan Nurys yana cikin masu wanki. Da rana ta yi tsaka sai ta wanke hannu, ta bi ta kicin, ta shiga ɗakin Doña Chea ta baya. Tsohuwar ta mayar da jiki. Na kai ƙara wurin ƙungiyar, suka ce za su duba. Ina komawa, suna cewa za su duba. Sakatariyarsu ta san ƙarar takalmina, tun daga matakala take fara gyara fuska. Ba zan daina zuwa ba.

Sau ɗaya na je gidan da rana, na bi ta kicin ni ma, don ba na son gaisawa da kowa. Na same su a ɗaki, Nurys na zaune da cokali, tsohuwar na tauna a hankali. Ana cikin haka wata ma'aikaciya ta shigo da sauri, waya na ƙara a hannunta. "New York ce," in ji ta. Ba wanda ya ce wa Nurys komai. Ta miƙe ta ba ta cokalin, ta je ta tsaya bayan labulen banɗaki. Ma'aikaciyar ta zauna a kujerar, ta gyara riga, ta ɗaga wayar.

"Ga Mami nan, Doña Ivelisse, muna cin abinci. Kin ga yadda ta yi kyau?"

Doña Chea ta datse baki. Daga inda nake tsaye ina ganin ƙafafun yayata a ƙarƙashin labulen, a haɗe, ba motsi. Kiran ya daɗe. Da aka gama ta fito, ta karɓi cokalin, ta taɓa abincin da bayan yatsa.

"Ya huce," in ji ta. Ta ɗauki farantin ta nufi kicin ta ɗumamo shi.